Kurakuran sababbin 'yan hokin ƙanƙara da ke jefa abokan wasansu cikin wahala

Duk lokacin sanyi a nan Kanada sai sababbin 'yan wasa sun shigo ƙungiyarmu ta masu buga hoki da dare bayan an tashi aiki, kuma kurakuran ba sa canzawa. Zamiya a kan ƙanƙara ana koyonta a hankali. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya manta akwai wasu biyar tare da shi a fili.

Babban laifi shi ne ƙin fita. A hoki ba a jiran alƙali ya hura usur kafin a yi canji. Wasa na gudana za ka koma benci, wani ya tsallako katanga ya maye gurbinka. Ƙwararrun NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, kusan daƙiƙa 45 suke yi su fita, amma sabon shiga sai ya maƙale minti biyu yana haki, wai ko zai ci. Haka aka fitar da mu daga wata gasa. A zango na biyu ne, lokacin da benci yake nesa da ragarka saboda an sauya gida. Ɗan gabanmu ya ƙi fita, ƙafafunsa suka mutu, aka ƙwace faifan (ɗan faifan robar da ake bugawa maimakon ƙwallo) a hannunsa, ya kasa biyo baya. Mutum uku suka taho mana, mu biyu a baya. Har yau ina jin ƙarar faifan nan da ya bugi ƙarfe ya shige. Malam, in ka gaji ai ba kai kaɗai ka gaji ba, ka gajiyar da kowa! Ni dai da na ji cinyata ta fara zafi, nakan cilla faifan can ƙuryar gidansu, in nufi benci ina kiran wanda zai canje ni. Kai kuma na benci, kada ka yi gaggawar dirowa: mutum ya yi yawa a fili, hukuncin fitar da ɗayanku na minti biyu ne, ku huɗu su biyar, ban da gola.

Sai zaluncin da ake yi wa gola. Za ka ga yaro ya tsaya ƙiƙam a gabansa, bai tare bugun ba, bai kauce ba, ya rufe masa ido. Robar nan daskararriya ce, gram 170 ko kusa, tana zuwa kamar harsashi. Ko ka tare da jikinka, ko ka ba shi wuri ya gani. In kuma an ci, kada ka kuskura ka harare shi. Ni nakan je in ɗan bugi kariyar ƙafarsa da sanda, mu ci gaba. In ka ji yana dukan ƙanƙara da sandarsa, gargaɗi yake yi: wanda aka hukunta a cikin abokan hamayya ya kusa dawowa fili.

Yin shiru ma kuskure ne. In ana bin abokinka ta baya, yi masa ihu. Kada ka riga faifan tsallake shuɗin layin da ke shata gidan abokan hamayya, satar gida ce. Sandarka ta zauna a kan ƙanƙara, wanda ya ɗaga tasa sama ba a ba shi.

Masu rowar bayarwa kuwa, su duba Wayne Gretzky, shahararren tsohon ɗan hokin Kanada: sau 1,963 ya bayar aka ci a NHL, kuma ban da shi kansa, babu wani ɗan wasa da jimillar cinsa da bayarwarsa ta kai wannan adadi.