Yadda Ake Duba Huhu da Na'urar Sikan Bayan Babbar Tiyata

Mafi yawan mutanen da aka sa wa maganin barci domin babbar tiyata, musamman ta ciki ko ta ƙirji, wani sashe na huhunsu yakan lotse, wato ƙananan jakunkunan iska su manne da juna. Wasu abin yakan warware musu da kansa, wasu kuwa ya rikiɗe ya zama nimoniya ko gazawar numfashi. Amfanin sikan na ultrasound, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ne yakan nuna wannan matsala a bakin gado tun kafin majinyaci ya fara haki, abin da ya dace da manyan asibitocin Legas irin su LUTH na Idi-Araba da LASUTH na Ikeja, inda ake yin irin waɗannan ayyuka a kai a kai.

A fara dubawa tun kafin a shiga tiyata, domin sai an san yadda huhun yake da farko za a gane ko ya canza. Ana amfani da kan na'ura mai lanƙwasa, irin wanda ake duba ciki da shi. A shafa jel, a ɗora shi a tsaye tsakanin haƙarƙari biyu, sai inuwarsu ta fito da layin tantanin huhu a tsakaninsu, siffar da likitan Faransa Daniel Lichtenstein ya kamanta da jemage. Idan wannan layi yana zamewa tare da numfashi, huhu yana manne da ƙirji. Idan ya tsaya cik, a yi zargin iska ta shiga tsakani, amma kada a yanke hukunci da wannan kaɗai.

Sannan a raba ƙirji gida 12, shida a kowane gefe: gaba, gefen hammata da baya, kowanne sama da ƙasa. Gidan da ya nuna layuka a kwance, waɗanda ake kira layukan A, makinsa 0 ne. Layukan B, masu sauka daga tantanin zuwa ƙasan allo kamar hasken tocila, idan sun kai 3 ko fiye kuma a rarrabe suke, maki 1; idan sun haɗe sun zama fari fat, maki 2; idan huhun ya daskare har ya yi kama da hanta, maki 3. Jimilla tana kamawa daga 0 zuwa 36, kuma yawan maki na nufin ƙarancin iska a huhu.

A gidajen baya ne ake yawan yin sakaci. Wanda ya daɗe kwance rigingine, huhunsa daga baya da ƙasa yake fara lotsewa, kuma nan ne ya fi wuyar kaiwa saboda bandeji, bututun fitar da ruwa da zafin ɗinki. Kada a tsallake wurin. A ba da maganin rage zafi tukuna, a nemi ma'aikaciyar jinya ta taimaka a ɗan karkata shi. Idan dattijo ne daga Agege ko Obalende wanda Turanci bai zauna masa ba, faɗa masa da Hausa, "Baba, riƙe wannan matashin a kan ɗinkin, ka ja numfashi a hankali," yakan gyara hoton fiye da duk wani murɗa maɓalli.

A maimaita a ɗakin farfaɗowa, a sake washegari, a rubuta makin kowane gida. A ganina, hawan maki daga jiya zuwa yau ya fi adadin kansa ma'ana, kuma dole a karanta shi tare da shekarun majinyaci, yawan oksijin a jininsa, tsawon aikin da inda aka yanka. Layukan B masu yawa a gefe biyu suna iya zama alamar ruwan ƙari da ya yi yawa ko raunin zuciya, ba lallai lotsewa ba. Idan maki ya hau, a ɗaga kan gado, a tayar da shi zaune da wuri, a kira likitan gashin ƙashi (fisiyo) don atisayen numfashi, a sake lissafin ruwan da ake ƙara masa, sannan a sanar da babban likita ko akwai bukatar matsar da shi sashen kulawa ta musamman.