Yadda nake dafa gahawar asuba a kan dutse

Kakata, Allah ya jiƙanta, a ƙafa ta zo ƙasar nan ta Saudiyya tana yarinya, ta ratso Chadi da Sudan har suka tsallako teku daga Suwakin. In ta ga ina ɗaure jakar baya zan tafi duwatsun Shafa da ke kusa da Ɗa'if na kwana uku, dariya takan yi ta ce, "Mu dole ce ta sa mu tafiya, ku kuwa ƙoshi ne." Gaskiyarta. Amma ko ƙoshin ne, wanda aka haifa a Makka ya saba buɗe ido da ƙamshin hel, ƴaƴan ƙamshin nan da muke sa wa gahawa, ba zai iya tashi a kan dutse, sanyi na ratsa shi, ya ce ruwa kawai zai sha ya kama hanya ba.

Tafiyata ta farko na yi wauta. Na ɗauki dalla, wato butar gahawa, ta tagulla, da ɗan turmin ƙarfe, da finjalai shida na tangaran a naɗe cikin safa. Kafin la'asar kafaɗuna sun gaya mini gaskiya. Yanzu abin da ke shiga jakata bai wuce tukunyar alminiyom mai cin lita ɗaya da murfinta ba, sai ƙaramin murhun gas, gwangwanin gas mai giram 230, finjalai biyu na ƙarfe, da ashana a cikin leda ko da leta ta ƙi.

Rabin aikin a gida ake gama shi. Gahawarmu ta nan ba a gasa ta ta yi baƙi, launinta tsakanin rawaya da ruwan ƙasa ne, kuma ɓarza ta ake yi, ba a niƙa ta lukui. Ni ɗan Haulani nake saye in na samu, wanda ake nomawa a duwatsun Jazan, in ban samu ba ɗan Harar na Habasha ya wadatar. Ina auna wa kowace safiya nata ƙullin: cokali biyu na cin abinci a cike na gahawa, domin ruwa rabin lita. Hel kuwa ƙullinsa daban, cokalin shayi ɗaya, da ƙwayar kanumfari biyu. Kada ka haɗa su wuri guda don neman sauƙi, zan faɗi dalili. Kuma kada ka niƙa hel ya zama gari tun a gida, ka ɗan farfasa shi kawai, don kafin kwana biyu ƙamshin ya gudu cikin jaka ya bar ka da dusa.

Tun da dare nake ware ruwan safe in ajiye gefe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a bayanka, kuma a waɗannan duwatsu ba a dogara da cewa za a tarar da ruwa a gaba. In lissafin ruwan sha ya yi ƙasa, gahawa ce ke haƙuri, ba maƙogwaro ba. Gwangwanin gas ɗin ma tare muke kwana cikin bargo, wajen ƙafafuna. Sanyi na rage masa ƙarfi, in ya kwana a waje a watan Janairu sai ka ga wutar tana lumshewa kamar mai jin barci.

Bayan sallar asuba sai in nemi wuri shimfiɗaɗɗe a bayan wani dutse inda iska ba ta bugowa. Iska ita ce ɓarauniyar gas. A tafiyata ta biyu gas ya ƙare mini ranar ta biyu, saboda na buɗe wuta har ƙarshe a fili, harshenta na kaɗawa gefe, tukunya ko a jikinta. Ka jera duwatsu ta ɓangaren da iskar ke zuwa, amma ka bar ɗaya gefen a buɗe, don in ka kewaye gwangwanin gaba ɗaya zai ɗau zafi, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Cikin tanti kuwa ba a kunna wuta ko da hazo ya rufe ko'ina, iskar da take fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Itacen ar'ar da ke kewaye da kai ma ka ƙyale shi. Doka ta hana sarewa, akwai tara, kuma bishiyar tana daɗewa kafin ta girma.

Ga inda na fi so a saurare ni. A Jidda, bakin teku, ruwa yana tafasa a digiri 100. Shafa ta haura mita 2,000, can a wajen digiri 93 yake tafasa, a Jabal Sauda kusa da Abha kuwa, da ke wajen mita 3,000, digiri 90 ne. Ido zai ga ruwa yana zaɓalɓala, amma zafinsa bai kai na gida ba. Gahawar da ba ta gasu sosai ba kuma ƙwayarta na da tauri, sai an ba ta lokaci take sakin abin da ke cikinta. Shi ya sa mutum zai dafa yadda ya saba a gida ya ji ta salam, kamar an wanke tukunya. Ƙara wuta ba ya magani, ruwan ba zai wuce inda ya tsaya ba, gas ɗinka ne kawai zai tafi. Maganin lokaci ne da murfi.

In ruwa ya tafasa sai in sauke tukunyar, in zuba gahawa, sannan in mayar. In ka zuba tana kan wuta kumfa zai taso ya malale, rabin ƙullinka ya bi ƙasa. Sai in rage wuta ƙasa-ƙasa, in ɗora murfi a karkace, in ba ta minti goma sha biyar. A gida goma nake ba ta. Cikin wannan lokacin nake naɗe tanti, ido ɗaya na kan tukunya.

Sai an kashe wuta hel da kanumfari ke shiga. In hel ya daɗe yana tafasa ƙamshinsa ya bi tururi, abin da ya rage ɗaci ne. Ka zuba, ka rufe ruf, ka naɗe tukunyar da shimagi ko rigar sanyi, ka ba ta minti biyar. Garin zai kwanta da kansa, ba ka bukatar mataci, ka dai tsiyaya a hankali ka bar na ƙasan.

Akwai abokin tafiyata, Bahaushen Mai Wurno ne daga Sudan, ya girme ni. Shi bai yarda da wannan duka ba. "Ƙanena, wannan ai ruwan hel ne," in ji shi. Tasa jabana ce, baƙa wuluk, an daka ta lukui, da citta mai yawa da sukari, kuma cikin minti kaɗan ta yi. In gaskiya za a bi, a tafiya mai tsawo tasa ta fi tattalin gas, kuma cittar tana ɗumama ƙirji. Nakan ce masa, "Yaya, zuba mini ɗaya," in sha, sannan in koma kan tawa. Irin ta leda da ake zubawa a ruwan zafi kuwa, biyu nake sakawa a aljihun jaka domin ranar da gas ya ci amana. Ba na kiranta gahawa a gaban mutane.

Dabino ka bar shi cikin jaka, a zuge, sai lokacin ci. Gwaggon biri sun yi yawa a Shafa da Hada, kuma sun san ƙarar leda. Wata safiya na ajiye rabin kilo na dabinon sukkari a kan dutse na juya in tsiyaya gahawa. Ko finjalin ban cika ba wani ƙato mai furfurar wuya ya sure ledar, ya hau can sama ya zauna yana ci yana kallona.

Wanki ba ya bukatar sabulu. Ɗan ruwa kaɗan, a girgiza, a goge da tsumma. Garin da ya rage nakan juye shi cikin ledar da ya fito, in haɗa da sharar da zan sauko da ita. Tukunyar kuma a saman jaka take zama, don ita za a dafa taliyar rana da ita, kuma taliyar takan ɗan yi ƙamshin hel.