Yadda na samu wuta ta kama da murza itace

Hayaƙi na tashi amma garwashi ya ƙi fitowa. Na ƙara sauri, na sauya sandar da nake murzawa, duk a banza. Ashe garin itacen warwatsewa yake yi, yana hucewa kafin ya kama.

Sai na sa dutse mai kaifi na yanka tsaga a gefen busasshen reshen tumfafiyar da nake murza sandar a kai, har kusa da tsakiyar ramin da sandar ta haƙa, na shimfiɗa ganye a ƙarƙashi. Na murza sandar a hankali har tsagar ta cika da gari. Baƙin gari ake so. In ja-ja ne, danni bai isa ba. Sannan na ƙara sauri da danni. Na ɗaga sandar, hayaƙi bai tsaya ba. Na juye garwashin cikin murtsukakkiyar busasshiyar ciyawa, na hura sannu-sannu, ta kama. Alhamdulillahi.