Yadda mai fama da PCOS za ta shawo kan damuwar da ke tare da cutar

Akwai macen da ke tsayawa gaban madubi da asuba tana tsige gashin haɓarta kafin kowa ya farka. Wata uku ba ta ga al'ada ba, ƙiba na ƙaruwa ko ta rage ci, ga masu tambayar "har yanzu shiru?" Haka mata da yawa ke rayuwa da PCOS, cutar da ke rikita sinadaran jiki har ƙwai ya kasa fita a kan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa.

Da farko, ki tabbatar ita ce. Tun taron masana na 2003 a birnin Rotterdam na ƙasar Holland likitoci ke duba alamu uku: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza a jiki, da ƙananan ƙulle-ƙulle a jakar ƙwai. Biyu sun isa, in an kawar da sauran cututtuka. Sanin sunan abin ma yana rage zargin kai.

Na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi damuna. In kin zauna gaban likita, kada ki tsaya ga maganar al'ada da kuraje. Ki faɗa masa ba kya barci, kin daina shiga mutane, kuka na zo miki ba dalili. Masu PCOS sun fi sauran mata kamuwa da ciwon damuwa da fargaba, shi ya sa ƙa'idar duniya ta 2023 kan kula da PCOS ta ce a binciki hakan tun ranar da aka gano cutar. In bai tambaya ba, ke ki ɗauko zancen. Ki riƙa rubuta yanayinki a takarda na sati biyu, ki tafi da ita. Baki kan yi nauyi a ɗakin likita.

Sai batun ƙiba. Jikin yawancin masu cutar ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, don haka ba lalaci ba ne. Kada ki horar da kanki da yunwa, ƙarshenta cin huce haushi ne. Tafiyar minti 30 sau biyar a sati tana taimakon jiki da rai gaba ɗaya.

Ki zaɓi mutum ɗaya, miji ko 'yar'uwa ko aminiya, ki yi masa bayani sosai. Sauran kuwa, "muna ganin likita" ya ishe su. Kuma ki sani, da yawa suna haihuwa, wasu da kansu, wasu da maganin fitar da ƙwai irin letrozole.

In tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar da likita ya ba ki. Ki gaya wa wannan mutumin, ku tafi asibiti a ranar.