Yadda ake gano abin da ke sa ƙafar tsohuwar babbar mota zafi

Da zarar ƙafar mota ta fara zafi, abin da yawancin direbobi ke cewa shi ne boris ya tafi. A sayo sabo a ɗaura, a ɗura giris, a hau hanya, kafin a kai Zariya daga Kano ƙafar ta sake ɗaukar wuta. Sau da yawa boris ba shi da laifi. Birki ne ke riƙewa, zafin diram ya narkar da giris, boris ya bushe ya ƙone. Don haka kafin ka kashe ko kwabo wajen masu kayan gyara, fara gano daga ina zafin ya taso.

Samu miƙaƙƙiyar hanya, ka yi tafiyar kamar kilomita 10 ba tare da yawan taka birki ba, sannan ka rage gudu da giya ka tsaya. Kada ka yi wannan gwaji bayan ka sauko Hawan Kibo da lodi, domin can ko lafiyayyen birki sai ya yi zafi. Zagaya motar kana kusantar da bayan hannunka, ban da taɓawa, kana kwatanta ƙafar dama da takwararta ta hagu. In akwai na'urar auna zafi ta nesa, ya fi, amma ba irin wadda aka riƙa auna goshi da ita lokacin korona ba. Ita don jikin mutum aka yi ta. Idan zafin ya fi yawa a gefen diram, ga warin ƙonewar lainin (fatar birkin da ke gogar diram), birki ne. Idan a tsakiyar ƙafar yake, giris yana tsiyaya, kuma ana jin gurnani a tafiya, sai a zargi boris. In ƙafafun baya kaɗai ne suka yi zafi, a zargi birkin hannu. In kuwa duka ne suka yi zafi, ciwon yana sama, a masta (famfon da ke tura man birki in an taka feda) ko bawul ɗin iska.

Kada a watsa ruwa a kan diram mai zafi, ko da yaron mota ya riga ya ɗauko jarka. Yana iya tsagewa ko ya karkace. A ja da baya a bar shi ya huce, domin taya mai zafi tana iya fashewa mota na tsaye.

Bayan ya huce, sa waigi gaba da baya, ɗaga ƙafar da jak, ka tokare da katako mai ƙwari, sannan a sauke birkin hannu. Juya ƙafar. Lafiyayya tana juyawa ba gardama. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, a taka maka birki ka sake girgizawa: in wasan ya ɓace, boris ne; in kuwa yana nan, kuma ƙafar gaba ce, to kinfin, wato ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansa in an karya sitiyari, shi ne ya ci.

A mota mai man birki, irin su Canter da Dyna, a nan ake gane bakanike na gaske. Taka birki da ƙarfi, saki, ka juya ƙafar. Idan ta ƙi, kwance ɗan notin da ake cire iska ta wajensa. Mai ya yi tsartuwa kuma ƙafar ta saki? To man ne ba ya komawa. Ɗaure notin, sake takawa har ta riƙe, amma wannan karon sassauta bututun a bakin masta. In ta saki, laifin masta ne: ko ƙaramin ramin da mai ke komawa ta cikinsa ya toshe, ko an ɗaure sandar feda ba a bar mata ɗan wasa ba. In ba ta saki ba, tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya wuce ya hana shi dawowa, alhali daga waje garau yake. Idan kuwa tun farko buɗe notin bai canza komai ba, sai a cire diram a duba fistin da ya yi tsatsa, sifirin da ya saki, ko shu (ƙarfen da lainin ke manne a kai) da aka matse fiye da kima. Duba man ma. Masu cika shi da man inji ko na sitiyari a hanya suna kumbura duk robobin ciki. Man birki samfurin DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 na Celsius, DOT 4 kuma 230, amma da ya sha danshi sai ya sauko wajen 140 zuwa 155.

A mai birkin iska, irin DAF da MAN, fara da agogon iska. Ya kamata ya tsaya tsakanin 100 da 120 na psi. Iska na raguwa, sifirin ɗin cikin tukunyar birkin ƙafar baya zai fara danna birki da kansa. Bi bututu da ruwan sabulu ka ga inda yake kumfa. Sannan a taka a saki kana kallon sandar tukunya. In tana komawa da nawa, sandar da ke buɗa shu ta cije saboda ƙura da rashin giris. Tukunyar sifirin kam kada ka buɗe ta, ta kashe mutane. A canza ta ɗungurungum.

Idan bincike ya kai ga boris, wanke shi ka duba. Launin shuɗi ko ƙananan ramuka na nufin ya gama aiki, kuma ana canza shi ne tare da zoben da yake zama a ciki. Wajen ɗaurewa ake yawan ɓata aiki: a matse noti ana juya ƙafar don boris ya zauna, sannan a sassauta a bar wasan da bai wuce milimita 0.03 zuwa 0.13 ba. Matsewa tamau da cusa giris har ya cika maƙil duk suna kawo zafi. Kada a hure ƙurar diram da iska, tsofaffin lainin na iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu. A jiƙa tsumma a goge. Lainin da ya sha mai ko ya ƙone a canza shi dama da hagu tare, sannan a koma hanyar nan ta kilomita 10 a sake auna kowace ƙafa kafin a yi lodi.