Man ɓawon lemo da funfuna: inda ake yin kuskure

Mai sayar da lemo a 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano ya san koriyar funfunar nan da ke bin kwando bayan kaya sun sha doguwar hanya daga Binuwai. Masana na kiranta Penicillium digitatum, tana kuma da 'yar'uwa shuɗiya, Penicillium italicum. Man da ake tatsa daga ɓawon lemo yana rage ta, amma ba yadda mutane da yawa ke amfani da shi ba.

Babban kuskure shi ne ɗaukar cewa duk man lemo ɗaya ne. Man ɓawon lemon zaƙi kusan kashi 90 cikin ɗari sinadarin limonin ne, shi kuwa ƙarfinsa a kan wannan funfuna kaɗan ne. Abin mamaki ma, bincike ya nuna ƙamshinsa, idan bai yi yawa ba, yana tayar da ƙwayoyin funfunar su tsiro, domin da shi suke gane sun sauka a kan lemo. Sinadarin da ya fi aiki shi ne sitral, ana samunsa kaɗan a man lemon tsami, da yawa kuma a man ciyawar lemongiras. Don haka a duba abin da kwalba ta ƙunsa kafin a saya.

Wasu kuma ruwan lemon tsami suke matsawa. Ruwa daban, mai daban, kuma wannan funfuna tsami ba ya damunta.

Wani kuskuren kuma shi ne zuba man a ruwa kai tsaye. Ba ya narkewa, sama yake tasowa, inda ya taru a jikin lemo ya ƙona fatar ta yi tabo, tabon kuma ƙofa ce ga funfuna. A fara kaɗa 'yan ɗigo cikin jiƙaƙƙen ƙaro, a gwada a kan lemo kaɗan, a bari su bushe kafin a zuba a kwando. Kwalbar ma kada a bar ta a rana ko a buɗe, zafi da iska na lalata man.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne shafa wa lemon da ya riga ya yi laushi. Wannan ya tafi, a fitar da shi nesa da sauran, a wanke kwandon. Funfunar ta rauni take shiga, saboda haka lemon da aka kakkaɓo da sanda aka danƙara a buhu, babu man da zai cece shi.