Kurakuran da sababbin shiga ke yi a aikin antibodin kifin shak

Na gaji da ganin ɗalibai suna faɗawa ramukan da na faɗa a baya, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Duk wanda ya ji labarin VNAR, wani ɗan yanki na antibodin kifin shak (antibodi shi ne furotin garkuwar jiki mai cafke ƙwayar cuta), sai kwaɗayi ya kama shi, kuma da gaskiyarsa. A 1995 ne Andrew Greenberg da Martin Flajnik da abokan aikinsu suka gano IgNAR a jinin kifin shak, antibodin da babbar sarƙar furotin kaɗai gare shi, babu ƙaramar da namu ke da ita. Kansa mai cafke abokin gaba, wato VNAR, nauyinsa kilodalton (ma'aunin nauyin furotin) 12 zuwa 15 ne, alhali IgG, antibodin ɗan Adam, ya kai 150. Ga ƙanƙanta, ga juriya, domin dole ya jure jinin kifin da ke cike da yuriya mai warware furotin. Daga nan ne mutane ke ɗauka aikin ma mai sauƙi ne.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne wurin da na sa bakteriya ta ƙera VNAR a cikin ƙwayarta. VNAR na tsayuwa ne da ƙullin salfa tsakanin sistin da sistin (ɗaya daga tubalan furotin), wasu nau'o'insa ma da ƙarin ƙulli a CDR3, ɗaya daga madaukan da yake kamu da su. Tsakar gidan ƙwayar E. coli kuwa ba ya barin irin wannan ƙulli ya ɗauru. Ni ban kula ba. Na ga layi mai kauri a jel ɗin da ake rarrabe furotin a kai, na yi murna, na sanar cewa an samu furotin da yawa. Ashe dunƙulallen abu ne da bai naɗu daidai ba, ba ya kama komai. Wata huɗu ina canja gishiri, ina canja zafi, ina zargin wanda ya haɗa mini ruwan aiki, alhali laifin a tsarina yake tun ranar farko. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yanzu ko dai in sa wa furotin alamar pelB da za ta kai shi zauren da ke tsakanin bangon ƙwayar biyu, inda ƙullin ke ɗauruwa, ko in yi amfani da SHuffle, nau'in E. coli da ƙullin ke ɗauruwa a tsakar gidansa. Abin da ake samu bai kai na da yawa ba, amma yana aiki. Kuma ba na ƙara cewa uffan kan yawa sai na ga ya kama abin da aka yi shi dominsa.

Na biyu shi ne tankaɗe, wato tace VNAR mai kamu daga cikin sauran. Ana ɗora miliyoyin VNAR a jikin faj, ƙwayar birus mai cin bakteriya, a zuba su kan abin da ake farauta, a wanke, a tara waɗanda suka maƙale. Haba jama'a, ta yaya mutum zai yi zagaye shida da roba iri ɗaya, da madara iri ɗaya wajen toshe gurbin da ya rage a jikin robar kwanon, sannan ya zo yana cewa ya samo gwarzo? Abin da ka samo mai son roba ne, ko mai son madara, ko wanda ya fi saurin hayayyafa kawai. Na taɓa riƙe irin wannan na tsawon makonni ina tinƙaho da shi, ranar da na gwada shi a rijiyar farantin gwaji da babu komai cikinta sai ya ba da launi iri ɗaya. Ni dai zagaye uku nake yi, in ya yi tsanani huɗu. Ina canja abin toshewa kowane zagaye, yau madara gobe albumin (furotin na jini), ina fara zuba faj ɗin a kwano marar komai don masu son roba su tsaya can. Rijiyar da babu komai kuma ba ta taɓa fita daga farantina.

Wajen tace shi, kada ka sa ran Protein A ko Protein G, da ake kama IgG da su, su kama maka VNAR tsurarsa, sa masa wutsiyar His, ɗan marikin da za ka kama shi da shi, tun farko.

Kada ka kira shi nanobodi irin na raƙumi. Na raƙuma a Brussels aka gano shi a 1993, kuma yana da CDR uku. VNAR ba shi da CDR2, sai wasu madaukai, HV2 da HV4, kuma kamarsa da na ɗan Adam kaɗan ce ƙwarai, don haka mayar da shi mai kama da namu, don kada jiki ya ƙi shi, aiki ne babba.

Juriyar zafi ma kowane ɗaya sai an gwada shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye: an samar da VNAR masu kama furotin AMA1 na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a Ostireliya, an kuma yi na Ebola da na dafin kwalara, kuma abin gwajin da ba ya buƙatar firiji babbar ni'ima ce ga asibitin ƙauye a watan Afrilu. Amma dafa naka, ka bari ya huce, ka sake auna shi kafin ka yi wa kowa alkawari.

Masu gwaji a dabba kuma su tuna ƙoda na tace duk abin da bai kai kilodalton 60 ba, VNAR tsurarsa ba ya daɗewa a jini. A Aberdeen ta Scotland an samar da wani VNAR mai suna E06 mai maƙale wa albumin don magance haka, wasu kuma suna haɗa VNAR ɗin da Fc, wato gindin antibodi. In za a yi wa kifin rigakafi don ya samar da antibodin, a tanadi wata huɗu zuwa shida, garkuwarsa ba ta sauri kamar ta ɓera.

Saura masu tura mini tallan garin guringuntsin shak wai maganin daji ne. Kifin shak na kamuwa da ciwon daji, kuma babban gwajin da aka wallafa a 2010 kan masu dajin huhu bai nuna wani amfani ba. Ba ruwan wannan gari da VNAR, kada ka haɗa su a gabatarwar kundinka.